Takardar Gidan Dara da Hannun Baba

Mahaifina mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kuma ko bayan ya yi ritaya babu wanda ya daina kiransa Mushe a Dogon Dutsi. Ya koyar a ƙauyukan wajen Tibiri da Gecheme tun ba a haife ni ba, kullum ajin farko ake ba shi, na yara masu majina da ba su taɓa riƙe alli ba. Shi ma abin da yake so ke nan. Yakan ce lissafi kowa na iya koyarwa, amma ɗora hannun yaro a kan rubutu sai wanda Allah ya ba. Rubutunsa kuwa in ka gani sai ka rantse inji ne ya buga. Sa hannunsa ma abin kallo ne. Sai ya gyara zama, ya hura bakin bik, wato alƙalaminsa, ya ɗan kaɗa hannu a iska tukuna kafin ya sauke shi kan takarda, mu kuma 'ya'yansa muna gefe muna ƙunshe dariya.

Da damina shanyewar ɓarin jiki ta same shi, yana tsakiyar alwalar azahar. Ɓarin dama ne. Ya kwanta asibiti, ya dawo gida yana jan ƙafa, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi amma ana ganewa. Ƙafar ta yi ta samun sauƙi. Hannun ne bai dawo ba ko kaɗan, yana nan a kan cinyarsa, yatsun a dunƙule.

Yana cikin wannan hali aka kawo wata takarda ta fansho da ake so ya sa wa hannu. Ƙanensa, baffana, mutumin kirki ne, taimako ya yi niyya. Ya aro tawada, ya kama babban yatsan Baba ya dangwala a takardar, ya ce shi ke nan, an huta. Ban kasance a gidan ba, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce Baba ya juya fuska bango, ranar ko fura bai sha ba, ya yi ta goga yatsan a jikin tabarma har tawadar ta fita.

Da na je da marece na durƙusa na gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba sai da ya gama faɗin abin da ke ransa.

"Rabin ƙasarmu ta Arewa ni na koya musu riƙe bik," ya ce, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya. "Yau ni aka dangwala wa yatsa."

Ga kuma abin da ke gabanmu. Kowace shekara 'yan fansho sukan je biro, wato ofishin fansho, da ƙafarsu a gan su da rai, su sa hannu, sannan a ci gaba da biyansu. Baba ya rantse in dai dangwale zai je ya yi a gaban mutane, to ba shi zuwa, su riƙe abinsu. Kuma na san shi, in ya ce ba ya yi, to an gama. Fanshon nan kuwa shi ne hatsin gidan, shi ne maganinsa na hawan jini. Inna ta yi lallashi, baffa ya yi faɗa, ni ma na yi nawa, don bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Baba, don yatsa ɗaya za ka sa Inna ta koma surfen mutane?" Kallon da ya yi mini ya sa na haɗiye sauran.

Bayan 'yan kwanaki shi da kansa ya kira ni. Ya ce zai koya wa hannun rubutu daga farko, yadda ya koya wa yara. Na kawo masa kaye, littafin rubutun 'yan lakwal, daga kasuwa, ya duba ya ture, layukan sun yi masa ƙanana. Na kawo allon 'yan aji ɗaya, mai zanen gidan dara a bayansa, ya ce shi a biro da alli za a ce ya sa hannu? Takarda yake so, mai manyan ɗakuna, kowane ɗaki tsawonsa da faɗinsa ɗaya, santimita uku-uku. Na zaga shagunan kayan lakwal na garin kaf, babu.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da tasha, inda ake kawo mana takardun neman aiki da katin biki. Sai na ce to ni da nake wuni gaban kwamfuta, me zai hana in yi masa da kaina? Akwai manhajar lissafi da muke yi wa 'yan kasuwa jadawali da ita, wadda da ka buɗe ta za ka ga layuka sun gitta juna, ɗakuna birjik. Na ce ai aikin ma an riga an yi mini rabi.

Ashe ban san komai ba. Da farko na zaɓi shafin gaba ɗaya, na sa wa faɗin ɗaki lamba, na sa wa tsayinsa lambar nan dai. Sai ga ɗakuna sun fito shimfiɗa-shimfiɗa kamar tubalin siminti. Na sake, haka. Na zagi kwamfutar, na zagi wanda ya ƙera ta. Daga baya na gane cewa faɗi da wani ma'auni take auna shi, yawan haruffan da za su shiga ɗakin, tsayi kuma da wani ma'aunin dabam. Wane mai hankali ne zai auna gini haka? Sai na koma jan layin da hannu, ina kallon 'yan lambobin da ke fitowa a gefe, har na faɗi da na tsayi suka zo ɗaya. A fuskar kwamfuta ɗakunan suka tsaya cas. Na danna bugawa ina murmushi, firinta ta yi ƙugi, ta miƙo mini farar takarda fes, ko ɗigo babu. Layukan da ake gani a kwamfuta ashe na kallo ne kawai, sai ka bi ka yi wa kowane ɗaki iyaka kafin su fito a takarda.

Na yi musu iyaka, na buga, na hau babur ɗin kabu-kabu na kai masa ina jin kaina. Ya karɓa da hagu, ya ɗora a cinya, ya ce Inna ta miƙo masa rularsa ta katako daga cikin akwati. Ya auna ɗaki ɗaya a kwance, ya auna shi a tsaye, ya ɗago.

"Wanga ba murabba'i ba ne."

"Baba, ɗan kaɗan ne fa ya rage. Ko milimita biyu bai kai ba."

"In ɗaki ya karkace, harafi ya karkace. Koma."

Wallahi a kan kabu-kabu har hawaye na yi don haushi. Mutum ko bik ba ya iya riƙewa, amma yana da ƙarfin kore mini aiki! Sai dai da na kwana na tashi na gane abin da na gani. Tun da ciwon ya same shi ban ga ya gyara zama ya yi magana da muryar Mushe ba sai a kan takardar nan. In korar aikina ce za ta dawo mini da shi, to ya yi ta kora.

Na koma na tsananta bincike. Na gano akwai inda ake juya shafin ya koma kamannin takardar da za ta fito, kuma a nan manhajar takan yarda ka rubuta mata santimita kai tsaye, a faɗi da tsayi duka. Na gano kuma wani wuri da aka ce mata ta matse komai ya shiga shafi ɗaya, shi ne ke rage mini girman ɗakunan a ɓoye. Na kashe shi. Na rage bakin takardar ta kowane gefe, na mai da layukan ruwan toka don kada su danne tawadar bik. Na sayi rula tawa, na auna kafin in bar shago. Wannan karon da ya auna, sama da ƙasa da tsakiya, sai kawai ya ce a kawo bik. A wajen Baba wannan yabo ne.

Inna ta yaga ƙyalle ta ɗaure masa bik ɗin a yatsun dama. Ya riƙe gwiwar hannun da hagunsa yana tura shi. Allah sarki. Abin da ya fito ko kaza ta bi ta kan takardar sai haka. Kullum bayan la'asar sai an ɗaura, kullum sai an kwance ba a samu ko sanda ɗaya miƙaƙƙiya ba. Ni dai ina ta bugo takardu ina kawowa, Inna tana hura wuta da waɗanda suka lalace. Likita ya riga ya gaya mana a gefe cewa kada mu sa rai da hannun.

Kowa a gidan ya san mafita, amma ba mai iya furtawa, kuma dalilin ni ce. Ni bahaguwa aka haife ni. A ajin Baba na fara lakwal, kuma rular nan ta katako ta san bayan hannuna na hagu sarai. Duk lokacin da na ɗauki alli da shi sai na ji ta, ƙwas. A gida ma haka. Yakan ce hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, balle a rubuta ilimi da shi. Ba mugunta ba ce, haka aka koya masa, kuma yana ganin yana tsare ni ne daga gorin dangin miji. Ba ni kaɗai ba, duk bahagon da ya ratsa ajinsa sai da ya koma dama. To mutumin da ya yi shekaru yana wannan, wa zai tunkare shi ya ce Mushe, gwada hagu?

Ban ce masa ba. Wata rana dai da zan tafi, na ajiye sababbin takardu da bik a gefensa na hagu, na yi sallama. Washegari na tarar an mai da su dama. Na sake ajiyewa a hagu. Muka yi ta wannan wasa ni da shi, ba wanda ya tanka, har ran da Inna ta tare ni a zaure tana magana ƙasa-ƙasa.

"In na shiga madafa sai ya sa a sakaya masa ƙofa. Jiya na leƙa. Da hagun yake yi."

Na shiga ba tare da na jira ya kintsa ba. Yana zaune bakin gado, faranti a kife a cinyarsa, takarda a kai. Ya yi saurin sakin bik ɗin, amma gefen hannunsa ya riga ya tona shi, ya yi shuɗi da tawada tun daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu. Ya cika layi biyu da sanduna da ƙawanya, duk ya bi ya shafe su da hannunsa yana wucewa. Takardar ya ajiye ta a miƙe sak, yadda ya koya wa dubban yara, ya murɗe hannun ta sama kamar mai ɗaukar tulu.

Na zauna kusa da shi, abin da ban saba ba. Na karkata kan takardar zuwa dama. Na ce ya sauke hannun ƙasan layi, ya riƙe bik ɗin nesa da baki kaɗan. Ya dube ni, bai motsa ba. Sai na ɗauki bik ɗin da hannuna na hagu, na rubuta haruffa biyar na farko, kowanne a ɗakinsa, da irin lanƙwasar da shi ya koya mini. Sun fi na damana kyau, don dama can haka suke.

Ya kalli takardar, ya kalle ni.

"Ashe ba ki bari ba."

"Ban taɓa bari ba, Baba. A gabanka ne kawai."

Na zaci zai yi fushi, wani ɓangare na zuciyata kuma yana jiran ya ce ki yi haƙuri. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙo hannu ya karɓi bik ɗin, ya ce, "Ta ina kike fara ƙawanyar?"

Daga ranar muka shiga aiki. In na tashi daga shago sai in biya, mu yi har kiran magariba. Ɗalibi ne mai taurin kai, ga gardama, amma bai taɓa tsallake rana ba. In ya ga hannun ya zauna a girman da muke kai, sai ya ce, "Rage." Ni kuma in koma shago in canza lambobin nan biyu, faɗi da tsayi, in auna da rula, in kawo. Daga santimita uku muka koma biyu da rabi, muka koma biyu. A ɗaya da rabi muka daɗe, har ya yi zuciya ya yi jifa da bik, Inna ta tsinto shi a bayan randa. Mai shagonmu ya gaji da tambayata me nake yi da takardun gidan dara, ya ce ko dara na koma bugawa. Lokacin da aka fara yankan hatsi mun kai santimita ɗaya.

Sa hannun ne ya fi ba mu wuya, don shi ba harafi-harafi ba ne, jan numfashi ɗaya ne, kuma hannun dama ne ya san hanyarsa. Na haɗe ɗakuna na yi masa dogayen akwatuna daidai girman gurbin da ke takardar biro, shafi guda cike da su. Ya ɗauko tsohon katinsa na fansho mai sa hannunsa na da, ya ajiye a gaba yana kwaikwayon kansa. Na farko-farkon ba su yi kama da komai ba. A hankali babban harafin farko ya dawo, sai jelar da yake ja a ƙasa. Bai zama na da ba, ya ɗan jingina baya, yana rawa a ƙarshe. Amma duk wanda ya san sa hannun Mushe zai gane shi.

Ranar zuwa biro ya sa babbar rigarsa fara, ya sa Inna ta maƙala masa bik a aljihun gaba. Na ɗauki hutun safiya na raka shi. Tsofaffi sun cika bencina a baranda, ana ta gaishe-gaishe, wasu har tasowa suke su gaishe shi. Yana amsawa, amma ina ganin yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwa, yana bita.

Da aka kira shi muka shiga. Wani saurayi ne a teburin, mai ladabi, ya miƙe ya gyara masa kujera. Ya karɓi katin, ya duba kwamfuta, ya ɗauki hotonsa. Baba ya zaro bik, ya cire marfin da haƙori, ya gyara zama. Sai saurayin ya turo wani ɗan akwati mai gilashi a sama, da koriyar wuta a ciki.

"Baba, kawo yatsa. Na dama tukuna."

"Ina wurin sa hannu?" in ji Baba.

"Ai bana an canza, Baba. Ba a sa hannu yanzu, na'ura ce ke ɗaukar yatsa. Kowa da kowa."

Ni ce na fara magana, kuma ba a hankali ba. Na ce wane irin an canza? Wa aka gaya wa? Na ce ya san watannin da bawan Allahn nan ya yi yana shiri? Na ce ya kawo takarda ko wace iri ce, mutumin nan zai sa hannu. Saurayin ya rikice, ya ce wallahi Hajiya babu gurbin, ko ya so ba inda za a sa, ya juyo mini da fuskar kwamfutar in gani. Ba laifinsa ba ne, na sani, amma a lokacin da zan iya da na kife teburin.

Na juya ina jiran Baba ya tashi ya fita, don na san rantsuwarsa. Yana kallon teburin da ke gefenmu. Wani tsohon alƙali ne a wurin, wanda duk garin ake jin tsoron sa hannunsa a da, ya miƙa yatsa ana danna masa a gilashi, yana tambaya ko ya ɗauka. Baba ya kalle shi har aka gama. Sannan ya ajiye bik ɗin a tebur, ya ce mini, "Ɗaga mini shi."

Na ɗago hannunsa na dama. Ya yi nauyi, ga sanyi. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa ina sake buɗewa, na ɗora babban a kan gilashin na danna. Na'urar ta ƙi. Saurayin ya goge gilashin, muka sake, sannan ta yi ƙara. Ban yarda na kalli fuskar Baba ba. Aka ɗauki na hagu, aka miƙo mana wata 'yar takardar shaida, muka fito.

A inuwar dogon yaro da ke ƙofar biron ya ce mu zauna ya huta. Nan kukan ya ƙwace mini, na takaici, ina yi ina masifa, ina cewa duk wahalar nan a banza. Sai na ji benci yana girgiza. Na ɗago, ashe dariya yake yi, da rabin bakinsa, har da hawaye. Tun kafin ciwon rabona da jin dariyarsa.

"Kin ga alƙali?" ya ce. "Har yana tambaya ko ya ɗauka. Ashe duk mun koma jahilai, ɗiyata."

Da dariyar ta lafa ya juya 'yar takardar shaidar, bayanta fari ne, babu layi ko ɗaya. Ya shimfiɗa ta a kan bencin, ya karkata ta dama, ya ce in danne masa gefe. Ya sa hannu a hankali, bai ɗaga bik ba har ya kai ƙarshe. Ya turo mini.

"Ke ce malamar. Bisa goma, nawa?"

Na share ido da gefen mayafi na duba da kyau, don na san ba zai karɓi alfarma ba.

"Shida," na ce. "Jelar ta yi rawa, kuma ka gangara ƙasa."

Ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai.

"Daidai ne," ya ce. "Da kin ce goma, da na san kin fid da rai da ni."